Haɗa wa bahon ruwan zafi wuta a gida: wace waya, wace bireka, wane atin?

Autan Oga (Yelwa): Assalamu alaikum manyanmu. Ina neman shawara kafin a sayi kaya. Bahon ruwan zafi ne, irin wanda ake ce wa jakuzi, za a girke a tsakar gida a Fadaman Mada, a fili ƙarƙashin rumfa. Yana cin ruwa lita 1,000. A farantin da ke jikin akwatinsa an rubuta 230V, 50Hz, 32A. Hitarsa 3kW ce, akwai injin tura ruwa guda biyu da wani ƙarami mai juya ruwan. Daga akwatin birekokin gidan zuwa wurin mita 35 ne idan an bi ta silin sannan a sauko. Gidan yana da wutar JED, wato kamfanin rarraba wuta na Jos, da janareta, da inbata. Wace waya za a ja, wace bireka, kuma atin ɗin gidan, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa, ya isa ko sai an ƙara?

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Ka kyauta da ka fara da karanta farantin. 230V da 50Hz irin wutarmu ce, saboda haka ta nan babu matsala. Ga duk wanda ke bibiyar maganar nan: idan bahon na gwanjo ne daga Amurka za ku ga 240V da 60Hz, kuma yawanci waya huɗu yake nema, domin can suna raba wutar gida biyu, 120V kowane ɓangare, wasu kayan cikinsa kuma 120V suke ci. Wutarmu ba ta da wannan rabon. Ko an yi dabara ya tashi, injin da aka ƙera don 60Hz a kan 50Hz gudunsa raguwa yake, ya riƙa zafi har nadinsa ya ƙone. Irin wannan sai an sauya injinan da akwatin sarrafawa, ko a haƙura da shi.

Baba Mai Wayarin: Auta, ajiye maganar waya tukuna. Abin da ke kashe mutum a ruwa shi za mu fara da shi.

Birekar da ka sani, mai 32A, waya take tsaro kada ta kama da wuta. Ba ta san da mutum ba. Jikin da ya jiƙe sharkaf, ƙafa babu takalmi a kan siminti mai danshi, juriyarsa ga wuta kan sauko zuwa om 1,000 ko ƙasa da haka. Raba 230 da 1,000, ka samu 0.23A, wato 230mA. Zuciya tana iya rikicewa da abin da bai kai rabin wannan ba. Ita kuwa bireka tana jiran 32A, ko motsi ba za ta yi ba. Wanda wuta ta kama a cikin baho kuma ba ya iya fita, gaɓoɓinsa sandarewa suke, sai ya nutse a ruwan da bai kai masa ƙirji ba.

Abin da ke tsaron rai shi ne RCD mai 30mA, wanda a kasuwa har yanzu ake kira ELCB. Aikinsa auna wutar da ta fita ta laif, wayar da ke kawo wuta, da wadda ta dawo ta nutural, wayar da ke mayar da ita. Idan lissafi bai cika ba, wato wani abu ya zurare ta ruwa ko ta jikin mutum zuwa ƙasa, sai ya yanke. Ka duba jikinsa da idonka ka ga an rubuta 30mA ko 0.03A. Akwai mai 100mA da mai 300mA, kamanninsu ɗaya sak, amma waɗannan don gobara aka yi su. Mai shago zai iya miƙo maka su ya ce ai sun fi ƙarfi, ba sa yawan faɗuwa. Kada ka karɓa.

Injiniya: Gaskiya ne, Baba. In ƙara abu uku a kai. Ya zama mai yanke laif da nutural gaba ɗaya. Dalili shi ne a gidajenmu ana yawan juya waya a wurin canza layi ko bayan an yi gyara a falwaya, sai laif ta koma mazaunin nutural. Bireka mai ƙafa ɗaya a lokacin nutural take yankewa, ka kashe amma hita tana nan da wuta a jikinta. Na biyu, a nemi nau'in A maimakon nau'in AC, saboda bahon yana da allon lantarki, wasu ma injinansu masu sauya gudu ne, kuma irin zurarar da suke yi nau'in AC ba ya ganinta da kyau. Na uku, bahon ya samu nasa RCD shi kaɗai a kan layinsa shi kaɗai, ko soket ɗaya kada a rataya masa. RCD mai ɗaukar 40A ko 63A, a gabansa bireka 32A nau'in C. Nau'in B yana faɗuwa idan wuta ta ninka sau 3 zuwa 5, nau'in C sai 5 zuwa 10, kuma injin famfo yana zuƙar wuta da yawa a daƙiƙar da zai tashi. Idan littafin bahon ya ce 40A, a bi littafin, amma fa wayar ta iya ɗauka.

Mai Shagon Waya (Wunti): Waya 6mm ta isa wannan aikin. Ita ake ja wa kuka ta lantarki da manyan AC, lafiya ƙalau. 10mm ɓarnar kuɗin mai gida ce kawai.

Malama Mai Koyar da Lantarki: Alhaji, mu yi lissafin a fili kowa ya gani. Abu biyu ake dubawa: faɗuwar wuta saboda nisa, da zafin wurin da wayar za ta bi.

Na farko. Waya 4mm tana zubar da 11mV a kowane amfiya a kowace mita, 6mm tana zubar da 7.3, 10mm kuma 4.4. A ninka da 32A da mita 35. Ta 4mm ta ba da 12.3V, ta wuce iyakar kashi 5 cikin ɗari na 230V, wato 11.5V, ta fita daga magana. Ta 6mm ta ba da wajen 8.2V, ta 10mm wajen 4.9V. Ta wannan fuskar maganarka tana kan hanya.

Na biyu ne inda ta sauka. Teburin ƙa'idar wayarin ya ce 6mm a cikin fayif tana ɗaukar 41A, amma a zafin 30°C aka auna. Idan wurin ya kai 40°C a ninka da 0.87, idan 45°C da 0.79, idan 50°C da 0.71. Ɗan'uwanmu ya ce ta silin zai bi. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin silin ƙarƙashin kwano a Bauchi da azahar a watan Afrilu ya san ba 30°C ake ciki ba. A 45°C wayar ta koma 32A cif, babu ko ragi. A 50°C ta koma 29A, ƙasa da birekar da aka ce tana tsaronta. Robar jikinta za ta riƙa dahuwa a hankali, ta bushe, ta fara tsattsagewa, bireka ba ta taɓa faɗuwa ba. Ta 10mm tana farawa daga 57A, a 50°C tana da 40A. Idan ta silin ne, 10mm.

Mai Shagon Waya (Wunti): Na karɓa, Malama, idan silin ne. To idan an bi ta ƙasa fa?

Baba Mai Wayarin: Ta ƙasa ma ta fi dacewa da wannan aikin, tunda bahon a fili yake. Kebul mai sulke, mai jijiya uku: laif, nutural, atin. Rami ya kai zurfin santimita 50 zuwa 60, a zuba yashi mai laushi, a kwantar da kebul, a sake rufe shi da yashi, a jera bulo ko a shimfiɗa ledar gargaɗi a sama kafin a mayar da ƙasa, domin mai haƙa da diga ya ci karo da ita kafin ya kai ga waya. Bakin kebul ɗin biyu a ɗaure su da gilan, wato maɗaurin bakin kebul, na tagulla, irin na waje mai roba, sulken kuma a haɗa shi da atin. Babu jona a cikin ƙasa, tsawo ɗaya daga farko har ƙarshe. A nan 6mm za ta yi. Amma ni da za a bi tawa, a unguwar da wuta ke zuwa a raunane, har a ƙasan 10mm zan ce, domin wanda ake ba shi 190V ba shi da 8V ɗin da zai zubar a hanya.

Kuma Alhaji, kai ka fi mu sanin abin da ke cikin kasuwa. Ka gaya masa yadda zai gane waya.

Mai Shagon Waya (Wunti): To. Akwai wadda cikinta sanholo ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka fere robar, ka kankare jijiya ɗaya da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, ajiye ta. Ko ka kara mata wutar laita: jan ƙarfe na gaske ja yake yi ya tsaya, waccan lanƙwashewa take ta zube. Nadin ta gaske ma nauyinsa daban ne a hannu. Akwai kuma wadda aka rubuta 6mm amma jijiyoyinta sirara ne, roba ce ta yi kauri. Ka nemi mai sunan kamfani da alamar NIS ta hukumar SON a buge a jikin robar, ba a takardar nadi kawai ba.

Autan Oga (Yelwa): Na gode ƙwarai. Maganar atin fa? Akwai rodi ɗaya a bayan gidan, an ce tun ginin gidan aka kafa shi.

Injiniya: "An ce" ba awo ba ne, sai an sa mita. A nan yawancin gidaje wayoyi biyu ko huɗu ke shigowa daga falwaya, babu wayar atin daga kamfani, gidan ne ke yin nasa da rodi. To ka lura da abin da wannan ke nufi. A ce rodin yana da om 100, laif ta taɓa jikin ƙarfen hita. Wutar da za ta bi ƙasa 2.3A ce kacal. Bireka 32A ba za ta faɗi ba har abada, ƙarfen kuma zai zauna da wuta kusan cikakkiya. Shi ya sa rodi shi kaɗai ba ya ceton kowa, RCD ne ke jin wannan 2.3A ɗin ya yanke nan take. Shi ma RCD ɗin yana bukatar rodin, domin idan babu hanyar zuwa ƙasa, ba zai ji komai ba sai mutum ya zama hanyar.

A lissafi, RCD mai 30mA zai yi aiki da atin mai om har 1,667. Amma ƙa'idar wayarin ta Birtaniya, BS 7671, da muke bi ta ja hankali cewa abin da ya haura om 200 ba shi da tabbas, yau yana nan gobe ya sauya. Don baho a yi ƙoƙari a sauko ƙasa da haka sosai. Kuma a auna da rani. Awon watan Agusta ƙasa na jiƙe yaudara ne, na Fabrairu da Maris shi ne gaskiyar rodin.

Baba Mai Wayarin: Ƙasar Bauchi kuma dutse ne a wurare da yawa. Ta wajen Dutsen Tanshi za ka buga rodi ƙafa uku ya tsaya cak. Kada a yanke ragowar a ce an gama. A kafa biyu ko uku, tazarar da ke tsakaninsu ta kai aƙalla tsawon rodin, a haɗa su da waya 16mm. Idan ba ya shiga a tsaye, a kwantar da shi ko a shimfiɗa tef na jan ƙarfe a dogon rami. A zuba gawayi da gishiri, a ba shi ruwa.

Malama Mai Koyar da Lantarki: Baba, a gafarce ni, gishirin nan ina da ja a kansa. Yana saukar da awo ranar da aka zuba, wannan ba musu. Amma damina ɗaya ko biyu ta wanke shi, kafin ya tafi kuma ya ci rodin da kilam ɗin da ke ɗaure masa waya, musamman rodin da ƙarfe ne aka yi masa fentin jan ƙarfe. Bayan wasu shekaru a tono a tarar wayar ta rabu da rodin, gida yana zaune babu atin, ba wanda ya sani. Yumɓun bentonait da masu haƙa rijiyar burtsatse ke amfani da shi ya fi, yana riƙe danshi, ba ya cin ƙarfe.

Baba Mai Wayarin: Gawayi dai yana da amfani, 'yata, yana riƙe ruwa. Gishirin na bar miki. Abin da ba zan bari ba shi ne a binne kan rodi a cikin siminti. A yi masa ɗan akwati mai murfi, ta yadda za a buɗe a ga kilam, a kwance a auna.

Autan Oga (Yelwa): Idan na kafa sabon rodi kusa da bahon, in raba shi da na gidan ko in haɗa?

Injiniya: Ka fara buɗe akwatin birekoki da wurin mitar wuta ka duba ko wani ya taɓa haɗa nutural da atin. Ana yawan yi, wai don atin ya yi ƙarfi. Idan babu wannan haɗin, ka haɗa sabon rodin da na gidan, su zama atin ɗaya. Rodi biyu da ba su san juna ba a gida ɗaya suna iya samun bambancin wuta a tsakaninsu, wanda ya dafa ƙarfen wannan yana taka na wancan shi zai cike gurbin. Idan kuwa ka tarar da haɗin, sai an gyara shi kafin a ci gaba. Ga dalili: ranar da nutural ta tsinke a falwaya, wutar da ke dawowa daga firij da fanka da komai na gidan za ta bi wannan haɗin ta hau wayar atin, ta isa jikin ƙarfen bahon. RCD ba ya yanke wayar atin, don haka ko ya faɗi bai raba ka da ita ba.

Sannan duk ƙarfen da hannu zai kai daga cikin ruwa a ɗaure shi da atin ɗin bahon da waya 4mm kore da rawaya: ƙafafun rumfa idan ƙarfe ne, madafa, fayif ɗin ƙarfe. Idan ba a zuba dandamalin ba tukuna, a ɗaure rodin gini na cikin kankaren ma a fito da waya.

Mai Sola (Gwallaga): Ni inda hankalina yake shi ne janareta da inbata, domin nan ne aikin da ya yi kyau a kan wutar JED yake zama tarko.

A taransifoma an kafa nutural a ƙasa, shi ya sa wutar da ta zurara take da hanyar komawa, RCD ya ji. Ƙananan janareta da yawa da wasu inbata nutural ɗinsu a sake take, ba ta haɗe da komai. A kan irin wannan, laif za ta iya taɓa jikin baho RCD bai faɗi ba, laifin ya zauna a ɓoye har ranar da na biyu ya same shi. Kuma idan ka danna maɓallin gwaji zai faɗi lafiya lau, domin maɓallin cikin na'urar kawai yake gwadawa, bai san halin atin ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa.

Yadda za ka gane: tada janareta, juya canjoba, wato makunnin canza layi, ka auna laif da atin, sannan nutural da atin. Daidai shi ne ka ga wajen 230V a na farko, kusan sifili a na biyu. Idan ka ga wajen rabi da rabi, 110 nan 115 can, nutural ba a ɗaure take ba. Gyaran shi ne a haɗa nutural da jikin janareta da rodi, a wurin janaretan, kafin canjoba, wuri ɗaya tak. Amma kafin ka haɗa, kashe injin ka auna tsakanin kowace waya da jikinsa, ka kuma duba littafinsa, domin akwai wanda aka ɗaure tsakiyar nadinsa da jiki tun daga kamfani. Irin wannan idan ka ƙara naka haɗin ka gajarce rabin nadin, zai ƙone. Canjoba kuma dole ta riƙa sauya laif da nutural tare.

Inbata kuwa shawarata a cire bahon daga kanta gaba ɗaya, a ɗauko layinsa daga ɓangaren da ba ta ciyarwa. Ku duba: ɗaga lita 1,000 daga 20°C zuwa 38°C yana cin wajen yunit 21, wato 21kWh, awa bakwai ke nan a kan hita 3kW. Batir huɗu masu 200Ah a 48V gaba ɗayansu 9.6kWh ne, kuma ba a shanye su duka. Ko rabin hanya ba za su kai ba. Janareta ma, 32A a 230V ya haura 7kVA tun kafin a yi maganar tashin injina, wanda ake ja da igiya mai 3kVA ba abokin wannan aikin ba ne. Mai son rage kuɗin wuta ya sa hitar rana a kan rufi ta riƙa ba bahon ruwa mai ɗumi, ta lantarki ta ƙarasa.

Injiniya: Madalla da wannan bayani. A haɗa da raunin wuta. Idan ta sauko 190V, hita 3kW wajen 2kW kawai take bayarwa, wannan jinkiri ne kawai. Injin famfo shi ne ke wahala, yana ƙara zuƙar amfiya yana zafi, wani lokaci ya kasa tashi ya tsaya yana gurnani. A sa na'urar da ke yanke wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama, a saita ta wajen 195V da 250V, da jinkirin minti biyu ko uku kafin ta dawo. Ita ce kuma za ta ceci allon bahon ranar da nutural ta tsinke a layi mai fes uku, lokacin da wuta kan yi tsalle ta nufi 400V. A ƙara mai kare tsawa nau'i na 2 a akwatin birekoki saboda damina. Kuma ka karanta jikin mitar wutar gidan ka ga amfiya nawa take ɗauka, ka tara da AC da famfon rijiya da abin da ke gidan. Idan fes uku ne, a ba bahon fes ɗin da ya fi sauƙin kaya.

Oga Falamba: Ku ba mu wuri mu ma. Kada a ba bahon wuta sai an cika shi da ruwa har ya rufe ramukan feshi. Hita idan ta kama babu ruwa, cikin ƙanƙanin lokaci take ƙonewa. A cika ta ramin tacewa domin iska ta fita daga fayif. Idan injin yana kuka amma ruwa ba ya motsi, iska ce ta toshe: a kashe, a sassauta haɗin bakin injin har iska ta fita ruwa ya biyo, a ɗaure. Akwai ɗan makunni mai jin gudun ruwa wanda ke hana hita kamawa idan ruwa ba ya gudana. Idan ya fara damu, matata ce ta toshe, a wanke ta. Kada wani ya haɗe wayoyinsa biyu wai ya huta.

Ruwan rijiyar burtsatse mai gartsi yana tara farin dutse a jikin hita, ta riƙa zafi fiye da kima har fatarta ta tsage, ruwa ya shiga. Ranar nan RCD zai fara faɗuwa duk lokacin da hita ta kama.

Baba Mai Wayarin: Yawwa, ka taɓo inda nake so. Ranar da ya fara faɗuwa, mai gida zai kira ya ce abin nan ya dame shi, a cire. Auta, ko nawa za a ba ka kada ka cire, kada ka zagaye shi da waya, kada ka musanya da mai 100mA. Faɗuwar nan aikinsa yake yi. Ka bi a hankali: kashe wuta, zare wayoyin hita biyu ka naɗe bakinsu, mayar da wuta. Idan RCD ya tsaya bai faɗi ba, hita ce. Idan bai tsaya ba, mayar da ita ka zare injin na ɗaya, haka har ka kama mai laifi. Wani lokaci ruwa ne ke ɗiga daga bakin injin yana shiga nadinsa, wani lokaci tururuwa ko ƙadangare ne a akwatin haɗi, wani lokaci ɓera ya ci waya. Idan kuma tun ranar farko yake faɗuwa da an ɗora kaya, duba nutural: ko ta taɓa atin bayan RCD, ko an ɗauko ta daga sandar nutural ta gidan maimakon daga bakin RCD ɗin.

Autan Oga (Yelwa): Makunnin kashewa a ina zan kafa shi, Baba? Mai gidan yana so kusa, yadda zai miƙa hannu daga ciki.

Baba Mai Wayarin: Abin da ake gudu ke nan. Aƙalla mita 2 daga bakin ruwa, inda na cikin baho ba zai kai ba, amma inda ake ganinsa, wanda ke waje zai iya rugawa ya kashe. Mai murɗawa, mai yanke waya biyu, 40A ko sama, akwatinsa IP65, wato wanda ƙura da feshin ruwa ba sa shiga. Kebul ya shiga ta ƙasan akwatin, kada ta sama, ruwan sama yana bin jikin waya ya gangara ciki. Ka faɗa wa mai gidan maɓallan da ke bakin bahon an yi su don jiƙaƙƙen hannu, su zai riƙa taɓawa.

Malama Mai Koyar da Lantarki: Cikin mita 2 ɗin nan kuma babu soket, babu fitila mai 230V, babu fanka a saman ruwa ƙasa da mita 2.5. Fitilar cikin ruwa 12V ce, taransifomarta a nesa. A gaya wa mutanen gidan da baki: ba a jawo waya mai tsawo a yi cajin waya a bakin baho, ba a ɗora rediyo ko abin busar da gashi. Soket ɗin da za a jawo daga falo ba ya ƙarƙashin RCD ɗin bahon. Zafin ruwa kada ya wuce 40°C, yara da masu juna biyu kuma ƙasa da haka sosai. Ruwan Wikki na Yankari 31°C ne, kuma kowa ya san ɗuminsa ya ishi jiki.

Mai Shagon Waya (Wunti): Wanda nasa na cikin banɗaki ne fa, ƙarami mai injin ɗaya? Ana yawan tambaya.

Malama Mai Koyar da Lantarki: Hukuncin RCD da atin ɗaya ne. Kaya ne ya fi sauƙi, sau da yawa 2.5mm ko 4mm ta isa, gwargwadon farantinsa. A haɗa shi kai tsaye, kada a yi masa filogi a banɗaki, makunninsa a waje bakin ƙofa. A bar ƙofar dubawa a gefen bahon, kada mai tayil ya rufe injin ruf. Hitar bango da ke ba shi ruwa ita ma ta shiga ƙarƙashin 30mA.

Injiniya: Saura gwaji kafin kowa ya sa ƙafa. Wuta a kashe, ka tabbatar da mita cewa a kashe take, testa mai ƙwai ba ta isa shaida ba. Auna daga sandar atin ta akwatin birekoki zuwa jikin hita, jikin kowane inji, da kowane ƙarfe da ka ɗaure, ya zama ƙasa da om 1. Sannan gwajin mega, mai auna lafiyar robar waya, a 500V a kan kebul, tsakanin kowace jijiya da 'yar'uwarta, amma ka zare shi daga allon bahon tukuna, in ba haka ba ka ƙona allon. Mafi ƙaranci megom 1 ne, sabon kebul kuwa ya kamata ya ba da ɗaruruwa. Idan ya ba da 2 ko 3, an ji masa rauni wajen ja. Sai awon rodi. Sai a ba da wuta a tabbatar laif tana mazauninta. Na ƙarshe gwajin RCD da na'urarsa, daga wurin bahon: a 30mA ya yanke cikin 300ms, a 150mA cikin 40ms. A yi a kan wutar JED, a juya canjoba a maimaita a kan janareta. A rubuta sakamakon a takarda a ba mai gida kwafi. Idan ba ka da na'urorin, ka ɗauko wanda yake da lasisin NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, ya yi gwajin ya sa hannu, a sa kuɗinsa cikin kuɗin aiki tun farko.

Autan Oga (Yelwa): Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta: kebul mai sulke 10mm jijiya uku mita 40, gilan biyu, bireka 32A nau'in C, RCD 40A 30mA nau'in A, makunnin waje, na'urar tsaron hawa da saukar wuta, rodi biyu da kilam, waya 16mm da 4mm kore da rawaya. Akwai abin da na manta?

Baba Mai Wayarin: Sake auna nisan, 35 ɗin nan ta silin ka auna, hanyar rami daban ce, ka ƙara mita 3 na hawa da sauka a kowane baki. Ka sayo kan waya na matsewa daidai 10mm, kada ka rage jijiyoyi don su shiga rami. Bayan mako biyu da fara aiki ka koma ka kashe wuta ka sake ɗaure kowane noti, jan ƙarfe yana kwantawa, sakakken noti kuma shi ke baƙanta bakin bireka.

Mai Sola (Gwallaga): Ka ƙara ledar gargaɗi ta rami da akwatin kan rodi. Kuma ka manna takarda a murfin akwatin birekoki da ke nuna wanne ne na baho, ka nuna wa mai gidan maɓallin gwaji ya riƙa dannawa duk farkon wata, da wuta a kunne, bahon babu kowa. Idan ya danna bai faɗi ba, a murɗe makunnin waje a sa masa kwaɗo har sai an sauya RCD ɗin.